Injin Teku a Garin da Ba Kogi

Tun da na dawo ba ku bar ni na huta ba. Duk wanda ya kawo injin niƙa gyara sai ya jingina da bango ya ce, "Hamisu, wai da gaske injin jirgin ruwa ka riƙa gyarawa a Riyad?" In na ce eh, sai a kwashe da dariya, wai garin da ko kududdufi babu. Na gaji da yanka labarin gunduwa-gunduwa, wannan ya ji kai, wancan ya ji wutsiya. Shi ya sa na zauna na rubuta shi gaba ɗaya, wanda ya sake tambaya sai in miƙa masa takarda.

Kun san shekara goma sha bakwai na yi ina fama da injin gas a nan Funtuwa, na niƙa da na ban ruwa da janareto. Kun kuma san kirarin da ake min, wai Hamisu mai kunne, daga bakin titi yake gane ciwon inji. To da wannan girman kan na hau motar Kano, da 'yar jakata da sifanoni uku da na ƙi rabuwa da su. A filin jirgi aka fara kwance min rawani, domin sifanonin nan a jakar hannu na sa su, aka ce ko in bar su ko in fasa tafiya. Na tsaya ina kallonsu a cikin kwando kamar an raba ni da 'ya'yana.

Ta Alƙahira muka bi. Ban ci komai a jirgi ba, don duk lokacin da ƙarar injin ta canza sai na zabura. Mutumin da ke gefena ya ce, "Malam, lafiya?" Na ce, "Ba ka ji an rage wuta ba?" Ya ce shi bai ji komai ba, ya juya ya ci gaba da barcinsa. Ranar na gane sanin inji ba ko'ina yake da daɗi ba.

Da hantsi muka sauka Riyad. A wurin buga fasfo ana sa mutum ya ɗora yatsunsa a kan wani gilashi mai koren haske. Na ɗora, na'ura ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Jami'in ya kama hannuna ya juya yana dubawa, ya ga yadda ƙarfe da baƙin mai suka cinye zanen yatsun, sai ya yi murmushi ya ce, "Mikaniki?" Na ce, "Na'am." Ya ɗebo wani man shafawa ya goga min da kansa, yatsa bayan yatsa, ga layi a bayana har ya lanƙwasa. A karo na biyar ta karɓa. Ya buga hatimi ya ce, "Hayyakallah," wato barka da zuwa. Ban taɓa ganin mai kaki ya shafa wa talaka mai a hannu ba sai ranar.

Masaukina a Sulay yake, unguwar rumbunan kaya da wuraren gyara, can kudu maso gabashin gari. Ɗaki ɗaya mu huɗu, gado bisa gado. Wanda ya riƙe ni kamar ƙaninsa shi ne Malam Ilu, mutumin Maraɗi, direban babbar mota, ya shekara tara a ƙasar. Shi ya koya min cewa iƙama, wato katin izinin zama, ba a fita ba ita ko da bakin ƙofa ne. Shi ya kai ni wurin masu gasa tamis, wani burodi mai faɗin faifai da ake ci da dafaffen wake da safe. Da rana kabsa ce, shinkafa da kaza a faranti ɗaya, a zauna ƙasa a zagaye ta. Daɗi kam akwai, amma sati uku ina ci sai na fara mafarkin tuwo ido biyu. Da Malam Ilu ya ga na rame, ranar Juma'a ya kai ni kasuwar kayan gwari ta Aziziya. Ku da kuke taƙama da kasuwar Funtuwa, ku yi haƙuri. Rumfar tumatir kaɗai sai ka yi tafiya ka gaji. Muka samo kuɓewa, muka tuƙa tuwon semo a tukunyar shinkafa, har Basudanen ɗakinmu ya sa hannu yana gumi.

Abin da ya fi ɗaure min kai a makon farko shi ne sallah. Ana kiran sallah sai ka ji ƙarar ƙofofin shaguna suna sauka a jere, gidan mai ma ya tsaya cak. Mu nan mai shago kan ce wa maƙwabci, "Duba min, ina zuwa." Can ba wanda zai duba maka, don shi ma ya tafi.

To, bari in zo kan aikin.

Kafilina, wato wanda ya ɗauko ni, yana da babbar warsha, wato gareji, ta gyaran injinan gas. A can ƙurya akwai wani ɗaki da aka keɓe, mai tsabta kamar ɗakin tiyata, kuma nan aka tura ni. Mai ɗakin wani tsoho ne ɗan Yaman, mutumin Mukalla da ke bakin teku, sunansa Salim, amma kowa Mu'allim yake ce masa. Siriri ne, gajere, ba ya ɗaga murya. Ya yi shekaru yana aiki a gaɓar tekun gabas, da ƙafa ta fara ba shi wahala sai ya dawo Riyad kusa da 'yarsa. Amma masu jiragen suka ƙi rabuwa da shi. Da yawansu dama a Riyad suke zaune, jiragensu na can bakin teku, tafiyar awa huɗu a mota. Sai su sa a ciro injin, a ɗora a akori-kura, a ratso hamada da shi a kawo wa tsohon nan.

Jiragen ba irin kwalekwalen Yawuri ba ne. Iska ce ke tura su, da wani ƙaton ƙyalle da ake ɗaurawa a dogon sanda. Na ce, "Mu'allim, to in iska ke tura shi, injin na mene ne?" Da guntun Larabcina na makarantar allo da hannu muke magana. Ya ce, "Na ranar da iska ta ƙi ne. Wannan injin yana iya wata bai yi aiki ba, amma ranar da aka neme shi, ba a neman sa da wasa."

Ƙananan injina ne, silinda biyu ko uku, ba su kai janareton gidan biki ba. Zuwa suke da tsatsa, gishiri ya ci su, mu wargaza su har ƙusa ta ƙarshe, mu sake fistin da zobba, mu goge mazaunin bawul, mu haɗa. Tunda da ruwan teku suke sanyaya jikinsu, sai Mu'allim ya ajiye wata shuɗiyar durom cike da ruwa, da tiyo biyu. Ita yake kira bahar, wato teku. In za a gwada inji sai ya ce, "Hamisu, cika teku."

Na ga gwanaye a rayuwata, amma ban ga mai hannun tsohon nan ba. Ranar da na fara ganin yana saita bawul, tsayawa na yi baki buɗe. Kun san tsakanin kan bawul da ɗan ƙarfen da ke danna shi akwai 'yar tazara, ba ta fi kaurin takarda biyu ba. Mu nan da kunne muke yi, a tayar da inji, a yi ta ɗaurewa har ƙaf-ƙaf ɗin nan ya ɓace. Shi kuwa sai injin ya kwana ya huce sarai. Ya buɗe murfin sama, ya juya injin da hannu a hankali har fistin ya hau ƙololuwa, sannan ya zaro ma'auninsa, wasu siraran ƙarafa kamar reza da aka haɗa su kamar wuƙar aljihu, kowanne da lambarsa. Ya zura ɗaya a tazarar, ya rufe ido. Ya sassauta noti, ya murɗa sukuru kamar mai taɓa idon jariri, ya riƙe, ya ɗaure, ya sake zurawa. Sai ya kama hannuna ya ɗora a kan ma'aunin ya ce, "Ja." Na ja. Ba ta kama ba, ba ta kuma yi sako-sako ba, kamar ka zare wuƙa daga cikin sabulu. Bawul shida, duk ja ɗaya, ba bambanci ko na gashi.

Ya ce ƙarfe in ya yi zafi miƙewa yake, in ba a bar masa wuri ba bawul ba zai rufu ba, wuta ta riƙa bi ta gefensa tana cin sa. Sabon haɗi kuma ya fi haɗari, domin gaskit, shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, yana kwanciya, bawul yana nitsewa a mazauninsa, tazarar tana ƙara matsewa da kanta. Shi ya sa ba ya sallamar inji sai ya yi awoyi yana gudu a kan durom, ya huce, an sake ɗaure kan, an sake aunawa. Sannan ya rubuta wa mai shi da jan fenti a jikin murfi cewa bayan awa hamsin a sake dubawa.

Na ji duk wannan, na gyaɗa kai. Amma a zuciyata ina cewa, tsoho dai da son wahala.

A wata na biyar aka yi wa Mu'allim aikin ido, aka ce ya kwanta kwana huɗu. Akwai injin wani mutum da ake kira Abu Fahad, mai silinda uku, mun gama haɗa shi, saura awon ƙarshe. Mu'allim ya ce, "Ka bar shi ya huce, ka auna, ka sallama." Ranar Talata da azahar na kashe injin bayan gwaji, sai ga direban Abu Fahad da mota, wai maigida ya ce yau yake so. Injin da zafi, taɓa shi ma sai da tsumma. Sai shaiɗan ya ce min, kai ne fa Hamisu mai kunne. Na buɗe murfi, na yi irin tamu ta gida, na ɗaure har ƙaf-ƙaf ɗin ya ɓace. Injin ya koma yana gudu lumui kamar kyanwa tana minshari. Direban ya ɗaga min babban yatsa. Aka ɗora, aka tafi.

Daɗin bai kai la'asar ba. Ina wanke hannu maganar tsohon ta dawo min, ba a neman sa da wasa. Laraba na kasa cin tamis. Malam Ilu ya dube ni ya ce, "Kai ƙanena, ko daga gida ne?" Na faɗa masa komai. Ya ce, "In ka faɗa, kafili na iya sallamarka, ka koma gida wata biyar da zuwa, wannan gaskiya ne. To in ba ka faɗa ba fa, wa ke hawa jirgin?" Na ce ban sani ba. Ya ce, "To ka ga, wanda ba ka sani ba ka ɗora wa."

Alhamis da sassafe na tafi gidan 'yar Mu'allim. Na same shi zaune da bandeji a ido ɗaya, yana shan shayi. Na durƙusa na ce, "Mu'allim, na yi ɓarna." Ban rage komai ba. Ina jira ya zage ni, don da ni ne aka yi wa haka a garejina, unguwa sai ta ji. Ya ajiye kofi, ya ɗauki waya, na ji yana cewa, "Abu Fahad, kada ka tayar da injin nan. Muna zuwa." Da ya kashe sai ya ce min, "Gobe zai fita da iyalinsa. Ka iya tuƙi?" 'Yarsa ta fito tana faɗa, likita ya ce kada ya fita rana. Ya sa baƙin tabarau a kan bandejin ya ce, "Yalla, mu tafi."

Hanyar gabas miƙaƙƙiya ce kamar an ja ta da zare, ba rami ko ɗaya, sai jan yashi da raƙuma a bayan waya. Awa huɗu tsohon nan bai ce min komai ba sai "rage gudu" sau biyu. Da ya zage ni da ya fi min sauƙi.

Sai ga teku. Jama'a, ni da na ɗauka dam ɗin Mairuwa ruwa ne! Na taka birki ban sani ba. Abu ne shuɗi ba iyaka, ya tafi har ya haɗe da sama, ba ka ganin ƙetare. Na ce, "Subhanallahi," na sake cewa. Sai a lokacin na gane inda injinan da nake wasa da su a kan durom suke zuwa. In ya mutu a can tsakiya, ba gefen titi da za ka gangara, ba wanda zai zo ya tura.

Abu Fahad dattijo ne mai furfura a gemu, ya tarbe mu da gahawa da dabino kamar ba ɓarna ta kawo mu ba. Muka shiga jirgin. Injin yana ƙarƙashin matakala, a wani akurki da sai ka kwanta da ciki kake kai hannu. A gefen matakalar na ga rigunan ceto a rataye, manya biyu, sai ƙanana uku, ɗaya ma ba ta fi ta ɗan yaye ba. Na kau da kai.

Mu'allim ya miƙo min ma'auni ya ce, "Ni yau ba ido. Kai za ka yi." Na buɗe murfi, na juya injin da hannu, na kawo ma'aunin. Ya ƙi shiga. Bawul na farko ba tazara ko kaɗan, na biyu haka. Cikin shida, huɗu a matse suke gam. Gumi ya riƙa ɗiga daga haɓata a kan ƙarfe, jirgin yana lilo. Na yi su ɗaya bayan ɗaya, in na gama sai tsohon ya laluba ya ja ma'aunin da yatsa biyu. Sau uku yana cewa, "Sake." A na ƙarshe ya ja, ya ce, "Rufe."

Abu Fahad ya ce ba za mu tafi ba sai an gwada a ruwa. Masu gadin teku suka duba iƙamarmu, muka fita. Da muka yi nisa sai Abu Fahad ya kashe injin, ya ja igiya, ƙyallen nan ya buɗe ya cika da iska. Wallahi ban taɓa jin abu irin wannan ba. Jirgi mai nauyin babbar mota yana gudu, ba ƙara, ba hayaƙi, ba mai, sai ruwa yana tsagewa a gefe. Ni da na ƙare rayuwata cikin rurin inji, sai na ji hawaye na zubo min, ban san dalili ba. Na riƙe ƙarfe da hannu biyu ina ta salati, Abu Fahad yana min dariya.

Wajen la'asar muka juyo. Muna dab da mashigar tasha, inda aka jibge manyan duwatsu hagu da dama, sai iska ta ɗauke ɗif. Ƙyallen ya saki jiki kamar wanki a igiya. Jirgin bai tsaya ba, ruwa ya ci gaba da jan sa a hankali zuwa duwatsun, har ina ganin ƙaguwa na yawo a kansu. Abu Fahad bai ko tashi ba. Ya nuna min makulli ya ce, "Bismillah, ya Hamisu." Na murɗa. Bugu ɗaya ya tashi. A ƙarƙashin rurin kuma ga ɗan ƙaf-ƙaf ɗin nan siriri, a jere, wanda na shekara goma sha bakwai ina kashewa. Jirgin ya juya hanci, duwatsun suka wuce ta gefenmu.

Washegari da safe muka kamo hanyar Riyad. Mun yi kamar rabi, muka tsaya a wani gidan mai muka karya. Nan na yi ƙarfin hali na ce, "Mu'allim, ka yafe min. In za ka faɗa wa kafili, ba zan ga laifinka ba."

Ya daɗe yana juya cokali a kofi. Sannan ya ce, "Ina saurayi a Mukalla, na yi irin wannan. Jirgin katako ne na 'yan kasuwa, mutum tara a ciki, za su ƙetara Somaliya. Maigidana ba ya nan, suna sauri, na ɗaure da zafi na sallame su."

Na ce, "Sai ka bi su?"

Ya ce, "Ni ban faɗa ba. Tsoro na ji."

"To me ya same su?"

Ya cire tabarau ya goge idonsa mai lafiyar. Ya ce, "Ban sani ba. Wataƙila sun isa lafiya, wani ya gyara musu a can. Wataƙila sun sayar da jirgin. Ba su dai sake zuwa tasharmu ba. Shekara arba'in da wani abu ke nan, duk wanda na gamu da shi daga wancan gefen sai na faɗa masa sunan jirgin na tambaye shi. Har yau ban sami wanda ya san shi ba." Ya mayar da tabaransa ya miƙe. "Kai ka san inda naka yake. Tashi mu tafi, akwai aiki."

Bai faɗa wa kafili ba, bai kuma sake tayar da maganar ba har na cika shekara biyu na yi sallama da shi. Ranar da zan taho ya rako ni har bakin warsha yana jan ƙafa, ya riƙe hannuna, ya faɗa min sunan jirgin nan, ya ce, tunda ƙasarmu ma Afirka ce, in na ci karo da wani Basomale tsoho, in tambaya masa. Na ce masa tsakaninmu da Somaliya ya fi tsakaninsa da ita nisa. Ya ce ya sani, in dai tambaya.

To kun ji yadda aka yi. Makon jiya da na je Kano sayen kaya na gamu da wani dattijo Basomale a masallacin Fagge, na kuwa tambaye shi. Shi ma bai sani ba.